Yadda mai wurin lesin zai tsallake watannin rani a Katsina

Assalamu alaikum. Idan kana da wurin lesin a Katsina, ko a Ƙofar Ƙaura yake ko a Sabuwar Unguwa, ka san yadda aji ke cika daga Janairu. Ana rajistar JAMB, WAEC na tafe a Mayu da Yuni, NECO na biye da ita har cikin Yuli. Benci ba ya isa, wasu ma a bakin taga suke tsayawa. Da an ajiye biron NECO kuwa, sai ka waiwaya ka ga daga kai sai allo da yara biyar. Sana'ar nan tamkar noma take, tana da kakarta tana da raninta, kuma wuraren da na ga sun rufe, a ranin nan suka rufe.

Da can ana lallaɓawa a haka. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai lesin yakan ji zafin abin a janaretansa, shi ya sa yake mantawa da inda ya fi ciwo, wato kuɗin Napep ɗin yaro.

Bari mu yi lissafin uba. Mu ce kana karɓar 10,000 a wata. Mu ce yaro na kashe 600 zuwa da dawowa, kwana 20 a wata. Ka ga 12,000 ke nan, kuɗin hanya ya fi kuɗin karatu. To, Malam, in ka rage 2,000 daga naka don ka riƙe shi, me ka rage masa? Kai ka yi asara, shi kuma bai ji sauƙi ba. Abin da ya fi shi ne ka kai karatun inda ƙafa za ta kai yaro. Makarantun kuɗi na tashi da rana, azuzuwansu na zaune haka nan har dare. Islamiyyu da yawa na hutun Alhamis da Juma'a. Ka yi magana da mai makaranta, ka karɓi aji ɗaya a unguwa biyu ko uku, ka riƙa biya gwargwadon awannin da ka yi, maimakon hayar shekara da za ta shaƙe ka.

Sai batun rumbu. Duk kuɗin da ya shigo daga Janairu zuwa Yuli, ka cire kason haya da na malamai ka kai wani asusu daban, wanda katinsa ba ya aljihunka. Na san da wuya, musamman da yake a shekarun nan azumi da Sallah biyu duk a wannan tsakanin suke faɗowa. Malamanka kuma ku yi magana tun farko: albashin wata a lokacin cika, biyan darasi-darasi a lokacin rani. Gara su sani tun Janairu da ka riƙa ɓuya musu a Oktoba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɗan maƙwabci ba ya koruwa. Ka raba biyan gida biyu ko mako-mako, ka rubuta, ka tsayar da adadin waɗanda za ka ɗauka kyauta saboda Allah, kada ya wuce haka.

Shi kansa ranin ba fayau yake ba. Akwai lesin dogon hutu a Agusta. Akwai masu shirin jarrabawar tantancewa ta jami'a, masu neman jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma. Akwai masu gyaran takarda da ke zana WAEC da NECO na waje a ƙarshen shekara, ga matan aure da safiya ta fi musu. Tun 2015 kuma JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, amma har yau akwai yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Laftof biyar da ƙaramar sola sun isa ka fara da shi tun Satumba, kowane rukuni awa ɗaya, wasu na fita wasu na shiga.