Garfield ba magana yake yi ba

Jerin nan da ke ta yawo a intanet na maguna masu magana a littattafai da fina-finai, kusan duk wanda ya haɗa nasa sai ya sa Garfield, magen nan na zanen barkwancin Amurka, a sahun gaba. To, akwai gyara. A zanen jaridar da aka san shi da shi, Garfield ba magana yake yi ba.

Bari mu fara sallamar masu maganar gaske, ba za mu daɗe a kansu ba.

Ga muzurun nan mai dogon takalmi, wanda Charles Perrault ya wallafa labarinsa a Faransa a 1697. Wannan kam bakinsa ya fi faratansa kaifi: ya shirga wa sarki ƙarya, ya yaudari dodo ya rikiɗa ya zama ɓera, ya lamushe shi. Ga magen Cheshire ta littafin Lewis Carroll na 1865, wadda ke ɓacewa ta bar murmushinta a kan reshe. Ga kuma Salem na shirin Sabrina da aka fara a 1996, wanda asalinsa ma matsafi ne da aka mayar mage saboda ya yi yunƙurin mallake duniya. Duk waɗannan, in sun yi magana mutane na ji, suna kuma ba su amsa.

Yanzu ku ɗauki ɗaya daga cikin zanen Garfield ku duba da kyau. 

Za ku ga Jon, mai gidan Garfield. Kun ga da'irar da kalamansa suke ciki? Tana da ɗan tsini da ke nuna bakinsa. A ƙa'idar masu zanen barkwanci, wannan na nufin an furta, kowa ya ji. Sai ku dubi ta Garfield. Babu tsini. Ta yi kama da gajimare, da 'yan ƙananan ɗigo-ɗigo suna gangarowa zuwa kansa. Wannan alamar tunani ce, zancen zuci. Tun ranar 19 ga Yuni, 1978 da Jim Davis ya fara fitar da zanen a jaridun Amurka, haka yake tafiya. Duk gorin da Garfield ke yi wa Jon, duk ƙorafinsa a kan ranar Litinin, duk begen lasanya, wato abincin nan na Italiya dangin taliya, mu masu karatu kaɗai muke ji. Shi Jon, mage mai ƙiba kawai yake gani tana kallonsa da ido rabi a rufe.

Za ku ce ai wani lokaci Jon na mayar da martani kamar ya ji. Haka ne, kuma a nan ruɗanin yake. Fuskar magen yake karantawa, kamar yadda duk mai kiwon mage yake yi, sai mai zanen ya jera kalaman yadda za su yi kama da hira. Ku sake karanta zanen, amma ku rufe gajimaren da yatsa. Kun gani? Maganar Jon ta tsaya da ƙafarta, shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne talabijin. Da aka fara shirin katun ɗinsa a 1988, dole a ba tunanin nan murya, sai Lorenzo Music ya ba shi wannan muryar ta mai jin barci. Amma ku lura da bakin a cikin shirin. Murya na fita, leɓe bai motsa ba. Mutane sun riƙe muryar, sun manta bakin.

Wani ɗan ƙasar Ayalan, Dan Walsh, ya kai abin ƙarshe a 2008: ya riƙa goge Garfield gaba ɗaya daga zanen, ya bar Jon shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne wani gwauro yana surutu da bango a ɗakin da babu kowa. Da farko za ka yi dariya, can kuma sai tausayi ya kama ka. Jim Davis bai yi fushi ba, har littafi aka buga da amincewarsa.

Ni dai a ganina mage mai tunani ta fi mage mai magana daɗin labari nesa ba kusa ba. Mai magana, mutum ne kawai aka sa wa gashi da wutsiya. Mai tunani kuwa shaida ce a cikin gida, tana ganin komai, ba a ɓoye mata komai, don ba wanda ya ɗauka za ta tona. Marubucin Japan Natsume Soseki ya gane haka tun 1905, da ya sa wata mage marar suna ta ba da labarin gidan wani malamin makaranta, tana yi wa shi da baƙinsa dariya a zuci.

Akwai na tsaka-tsaki. Jiji, baƙar magen fim ɗin Kiki na Hayao Miyazaki na 1989, da yarinyar kaɗai yake magana. Da ta fara girma sai ta daina fahimtarsa, kukan mage kawai take ji. A asalin fim ɗin na Japananci maganar ba ta dawo ba har aka tashi. Masu fassarar Turanci ta 1998 kuwa zuciyarsu ta kasa ɗauka, suka ƙara masa 'yar magana a ƙarshe, daga baya aka sake cire ta.

Af, kafin wani ya kawo Talking Tom: wannan manhajar waya mai hoton mage ta fito a 2010, kuma a asalinta abin da ka faɗa take maimaita maka da siririyar murya. Wannan ba ya cikin masu magana, ba ya cikin masu tunani. Aku ne da gashin baki.