Masu cewa za su bar Ankara su koma Cape Coast

Rabi: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana. Tun makon jiya magana ɗaya ce ke yawo a WhatsApp ɗinmu: masu gida na neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, mutane sun gaji, kowa na cewa zai tattara ya koma Cape Coast. Kawu Isa, kai ne ɗan gari.

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Rabi, garin akwai daɗin zama, wannan ba gardama. Tun da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwata daga can suka kawo Ankara a 1877, hayaniyar ma ta biyo su. Daga tashar Kaneshie tafiyar kamar awa uku ce.

Sule: In Kasoa ta sake ka.

Kawu Isa: In Kasoa ta sake ka, gaskiya ne, garin nan na kan hanya akwai cunkoson motoci. Ka fita bayan asuba, kuma kada ka kuskura yammacin Juma'a. Amma da ka isa, shi ke nan. Tasi ko pragya, keken nan mai ƙafa uku, za ta kai ka kasuwar Kotokuraba cikin 'yan mintoci, zango na nan kusa, ga masallaci. Sai dai mai neman sana'a ya san cewa garin 'yan makaranta ne. Ga jami'ar da aka kafa a 1962, ga Mfantsipim, Adisadel, Wesley Girls. Mai waache, wato shinkafa da wake, da ta kafa tebur kusa da jami'a za ta yi ciniki, amma ran da aka ba da hutu dole ta rage tukunya, in ba haka ba ta kwana da shinkafa.

Rabi: Yawancin masu tambaya kifi ne ya ja su.

Kawu Isa: To, kifi Elmina ake zuwa, ba ta kai kilomita 15 daga Cape Coast ba. Ana zuwa da sassafe, lokacin da kwalekwale ke shigowa ta bakin tafkin Benya, gab da tsohon ginin da 'yan Fotugal suka yi a 1482. Ban da Talata. Masunta ba sa shiga teku ran Talata, duk abin da ka gani a kwano ranar na jiya ne. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan tekun kan yi sanyi, ƙananan kifi su taso, farashi ya faɗi, ko da yake gwamnati ta sha rufe teku ga masu kwalekwale a watan Yuli, sai ka tambaya kafin ka ɗauki hanya. Wajen saye kuma, ɗaga murfin kunnen kifin. In cikin ja ne jawur, ido garau, ka danna da yatsa naman ya dawo, saya. In ramin yatsan ya tsaya, ko cikinsa ya fara fashewa, bar musu kayansu komai arha.

Sule: Banda fa? Don ita ce za a iya kawo wa gida.

Kawu Isa: Banda iri biyu ce, a nan baƙi ke asara. Matan na kyafa kifin a murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro nan Ankara a 1969, farantan katako masu ragar waya a jere bisa juna. Akwai wanda ake saukewa bayan awa biyu ko uku, da laushi da maiƙonsa. Ya fi daɗi a miya, amma kwana biyu ya fara wari. Na ajiya shi ne wanda ya yini a kan wuta har ya bushe ƙayau, ka karya ka ji ƙas. Shi ake lodawa zuwa Kumasi da arewa. Kada a ɗaure shi a leda, gumi zai yi ya yi fumfuna. Kwando da takarda, lokaci lokaci a mayar da shi kan hayaƙi saboda ƙwari.

Sule: Kawu, duk wannan kifin da me za a ci? Da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, irin na Fante mara gishiri?

Kawu Isa: Ka fara ke nan.

Sule: Rabi, ki yi mana shari'a. Na 'yan ƙabilar Ga yana zuwa da zafinsa cikin ɓawon masara, da gishirinsa, ga shito, miyar barkonon nan, ga soyayyen kifi. Nasu sai ka kwance ganyen ayaba ka kwance, kafin ka isa ga abincin yunwar ta wuce.

Kawu Isa: Naka ya kwana ɗaya mu gani. Na Yamoransa, wanda ake jerawa bakin titi kafin ka shiga gari, yana yin kwanaki bai canza ba. Ka dama shi da ruwan sanyi, sukari, madara da gyaɗa.

Sule: Wato sai an mai da shi fura kafin ya ciwu.

Rabi: Ni dai ban taɓa ganin wanda ya dawo daga can ba tare da ƙullinsa ba, har da masu zaginsa.

Sule: Tsaraba ce, ba don ni ba.

Kawu Isa: Tsarabar da ke ƙarewa kafin Mankessim.

Rabi: Ya isa haka. Kawu, wani ya ce ya samu fili kusa da teku.

Kawu Isa: Yawwa, nan ne nake so a kasa kunne. Iskar da ake yabo, gishiri take ɗauke da shi, kuma ƙarfe take ci. Mai gini kada ya yarda a kawo masa yashin bakin teku, komai sauƙinsa. Haramun ne a doka, sannan gishirin da ke ciki yana kama rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Za ka fara ganin jan zane a jikin ginshiƙi, sai tsaga, sai ɓangare ya faɗo. A bar kaurin kankare kamar inci biyu tsakanin rodi da waje. Rufi a sa alminiyom, kwanon ƙarfe ba ya daɗewa. Ƙyauren ƙarfe da wayar taga a shafa musu jan fentin nan na hana tsatsa tukuna, a ɗora na mai a kai, a riƙa sabuntawa. Mai babur ya riƙa wanke shi da ruwan famfo yana shafa wa sarƙa giris. Firij kada a jingina shi ga tagar da ke kallon teku. Rijiya kuma, ɗanɗana ta maƙwabta kafin ka biya kuɗin haƙa, da yawa ruwan zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa.

Sule: Yara da wanka a teku fa?

Kawu Isa: Inda 'yan gari ba sa shiga, kada a shiga. Akwai igiyar da ke jan mutum ciki, in ta kama ka ba a kokawa da ita, gefe ake bi.

Rabi: Mun so mu kwatanta haya unguwa unguwa, su Abura da Pedu, amma lokaci ya ƙure. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Sule: Kawu zai zo mana da dokunu.

Kawu Isa: Da kuɗinka.