Wadil Jinni na Madina: yadda ake hawan dutsen, da abin da ke tura mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya zo ziyara Madina ya taɓa jin direba yana cewa, "Alhaji, a kai ka Wadil Jinni?" Sunan wurin na asali Wadil Baida'u, yana arewa maso yamma da gari, tafiyar abin da bai kai awa guda ba a mota. Za ka bar Dutsen Uhudu a baya, ka bi hanyar Khulail ta cikin gonakin dabino, har ka shiga wani kwari mai farin yashi da itatuwan ƙaya, duwatsu sun kewaye shi dama da hagu.

Abin da ya sa wurin ya yi suna shi ne wannan: direba ya juya kan mota ta fuskanci Madina, ya sa giya a firi, ya ɗauke ƙafa daga birki. Sai mota ta fara tafiya da kanta, tana ƙara gudu, alhali ido yana ganin kamar hawa take yi. Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce maganaɗisu ne a cikin dutse.

Ku gwada da robar ruwa. A ajiye ta a kan kwalta, za a ga tana gangarawa inda motar ta nufa. A tsiyaye ruwan, shi ma can zai bi. Maganaɗisu ba ya jan roba, ba ya jan ruwa. Hanyar ce gangare, idon mutum ne ke ruɗuwa, domin duwatsu sun tare inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma da wannan layin ne ƙwaƙwalwa ke auna miƙaƙƙe da karkatacce. Saukar mita 2 kacal cikin kowane mita 100 ta isa ta tura mota, in hanyar tana da tsawo. Buɗe manhajar auna tsayi a wayarka, ka rubuta lambar a farkon hanya, ka sake dubawa bayan kilomita 5, za ka ga ta ragu. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani yana da sura guda da sunansu, amma babu wani hadisi ingantacce da ya ware musu wannan kwarin.

Roƙonmu ga direbobi: kada a kashe inji. In inji ya mutu, birki yana tauri bayan taki biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, a wasu motocin ma ya kulle in an murza makulli baya. Ga raƙuma suna tsallaka titi.

Wanda yake son ya gane wa idonsa, to ya hau dutse. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Da zafi kuwa, Madina tana haura digiri 40, dutsen kansa yana ƙona tafin hannu. A fito bayan sallar Asuba, a fara hawa da gari ya waye sosai, a sauko kafin hantsi ya dubi ludayi. Kowane mutum ya ɗauki ruwa lita 2 zuwa 3 a jakar goyo, domin hannuwa biyu su zama a sake, da ɗan dabino, da hula, da tocila ko da ba a yi niyyar kai dare ba. Takalmi ya zama rufaffe mai kama ƙasa. Silifa tana kayar da mutane, doguwar jallabiya kuma tana harɗe ƙafa, a tattare ta ko a sa wando. Kada a hau ƙasa da mutum uku: in ɗaya ya gurɗe, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A kuma bar wa wani a gida labarin inda aka nufa, don sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu.

Da an sauka daga mota a karanta addu'ar da ta zo a Sahihu Muslim: A'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. A hawa a yi kabbara, a sauka a yi tasbihi, kamar yadda Jabir, Allah Ya yarda da shi, ya ce sahabbai suna yi.

A zaɓi gajeren dutse mai kwantaccen gefe, a bi ƙashin bayansa, kada a bi ta cikin kwazazzabo. Kwazazzabo yana kama da hanya mai sauƙi, amma cike yake da tsakuwa mai zamewa, kuma nan ruwa ke bi. In ka ga hadari, ko da can nesa ne, ka fasa, domin ruwan da ya sauka a wani dutsen yana iya iso kwarin a matsayin ambaliya alhali kai ko ɗigo bai taɓa ka ba. Kowane minti 20 a tsaya a kurɓi ruwa, a waiwaya a haddace kamannin hanya, don dutse yana sauya fuska in ana saukowa. Ruwa ya kai rabi, a juya, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

In kun ci karo da wani kango na jeren duwatsu, irin wanda makiyaya ke yi wa awaki, kada yara su zura hannu a ramukansa. Kunama da maciji nan suke fakewa don sanyi. In kun ji wata ƙara kuma, iska ce ke ratsa tsaguwar dutse, ko amsa-kuwwar muryar wasu daga can ƙasa.

Daga sama sai ka juya ka dubi titin. Yanzu da idonka ya sami faɗin ƙasa, za ka ga kwarin ya kwanta ne zuwa ɓangaren Madina.

Saukowa ta fi hawa haɗari, don gwiwa ta gaji. A sa ƙafa a karkace, a gajarta taki, a bar tazarar mita 5 tsakanin mutum da mutum saboda dutsen da ke suɓucewa. Wanda ya fara jiri, ko ciwon kai, ko gumi ya ɗauke masa, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa tufafi, a kira motar asibiti a 997. In ambaliya ce ko wani ya maƙale a kan dutse, lambar ita ce 998.