Sharhi: Me Ya Sa Muke Cewa "Wanda Ake Zargi"?

Masu sauraro assalamu alaikum. Kullum in muna karanta labarai kuna jin muna cewa "wanda ake zargi", har wasu su bugo mana waya suna faɗa, wai mutum an kama shi da akuya a hannu amma kuna wani kwana-kwana, ku ce ɓarawo mana. To yau bari mu warware wannan.

A shari'ar laifi matakai ne. Lokacin da 'yan sanda suka kama mutum suna bincike, zarginsa ake yi. In an gurfanar da shi gaban alƙali an karanta masa laifin da ake cewa ya yi an tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba, ya zama wanda ake tuhuma kenan. Mai laifi kuwa sai ranar da kotu ta same shi da laifin ta yanke masa hukunci. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ne ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba. Ai wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, malamanmu tun a zaure suke karantar da mu cewa mai da'awa shi ke kawo shaida.

Sai maganar niyya, wadda mutane ke yawan mantawa da ita. Yawancin laifuka sai abu biyu sun haɗu, aikin da aka yi da kuma abin da ke zuciyar wanda ya yi. Direban da birki ya tsinke masa ya buge mutum da wanda ya auna mutum da mota da gangan, duk an rasa rai amma doka ba ta ɗora su a sikeli ɗaya. Kundin dokokin laifuka na Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya ajiye hukuncin kisa a sashe na 221 ga kisan ganganci, na sakaci kuma hukuncinsa daban.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne bashi. Mutum ya ci bashin dubu hamsin ya kasa biya, sai a ɗauko masa 'yan sanda ya kwana a sel. Jama'a kasa biyan bashi fa ba laifi ba ne, rikici ne tsakanin mutum biyu, kotun da ke sauraren ƙarar haƙƙi ake kai shi, sai dai in da damfara a ciki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan irin wannan, ta kuma hana a kama uwa ko ƙane don wanda ake nema ya gudu, amma wallahi har gobe ana yi a unguwanninmu saboda mutane ba su san an hana ba.

In an tsare naka, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, yana da damar yin shiru har ya ga lauya, belin ofishin 'yan sanda kuma kyauta ne, ko sisi doka ba ta ce a biya ba.