Hawan keke cikin ayari: laccar da aka gabatar a Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune nan gaba, Allah ya ƙara girma. Malamai, 'yan uwa, da ƙannena 'yan makaranta da ke can baya, sannunku da zuwa, sannunku da zafi.

Da tambaya zan fara. Wa ya iya keke a ɗakin nan? To, madalla, kusan kowa ya ɗaga hannu. A sauke. Yanzu kuma, wa zai hau keken nan daga Runjin Sambo da ƙarfe goma na safe, ya ratsa gari ya je babbar kasuwa, ya dawo gida hankalinsa kwance? Kun gani da idonku, hannuwan ba su kai goma ba. Abin da ya sauke sauran hannuwan nan shi ya kawo ni yau.

Yawancinmu a lungu muka koyi keke. Keken haya ne, ka ba da ɗan kuɗin tararka a ba ka minti goma, yayanka ya riƙe maka sirdi yana gudu a bayanka, can sai ka waiga ka ga ashe tuni ya saki. Wannan koyon ya ba mu daidaita jiki a kan taya biyu, amma titi wani karatu ne daban, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya karantar da mu shi. A lungu babu tirela, babu ɗan kabu-kabu da zai taka birki a gabanka don wata ta ɗaga masa hannu.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga kusan naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000. Kowa ya ji a jikinsa. Na san magidanta da suka jingine babur, suka sauko da tsohon Raleigh na mahaifinsu daga ɗakin shirgi, aka kai wa mai gyara ya sa sabuwar sarƙa. Da yawansu sau biyu ko uku suka hau suka sake jingine shi. In ka tambaya, sai a ce maka zafi. Zafin gaskiya ne, garinmu a watannin Maris zuwa Mayu yakan wuce maki 40. Amma in kuka zauna da mutum ya saki jiki, abu biyu zai faɗa maka: yana tsoron mota, kuma yana jin nauyin a gan shi kan keke a ce karayar arziki ta same shi.

Tsoron nan yana da tushe, kada kowa ya raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A ƙasar nan ma, a 2001, Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, wata bas ce ta ture shi a Abuja yana kan kekensa zuwa ofis. In har minista ma mota ta ture shi, wanda ya ce yana tsoro ai ba ƙarya ya yi ba.

Abin da na gwada na ga amfaninsa shi ne fita cikin ayari, a hankali. Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. A haɗu bayan sallar asuba ranar Asabar ko Lahadi, lokacin da titi bai cika ba kuma rana ba ta ɗaga ba. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita biyar. Gudun kuwa, ma'auninsa shi ne ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. Wanda ya fi kowa sanin hanya ya shige gaba, wani gogagge kuma ya tsaya can ƙarshe, kuma shi wannan na ƙarshen ba ya wuce kowa ko da za a kwana a hanya. In taya ta yi faci, ayari duka ya tsaya. Wannan ƙa'idar ita ce ginshiƙin abin, domin sabon shiga babban fargabarsa a tafi a bar shi shi kaɗai a tsakiyar titi.

Me ya sa yake aiki? Direban da zai matse mai keke ɗaya har gefen kwalbati, in ya hango goma a jere sai ka ga ya rage gudu ya ba su fili. Sabon mahayi kuma yana koyo da ido. Yana ganin inda na gabansa ya ajiye tayarsa, lokacin da ya miƙa hannu zai karya kwana, yadda ya tsaya ya haɗa ido da direba kafin ya shiga mahaɗa. Kunyar ma a nan take narkewa. Ranar da aka ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin asibiti sun fito tare suna raha, mai kallo ba ya cewa talauci ne ya koro su. Na ga dattijon da makon farko ya naɗe fuska da rawani don kada a gane shi, mako na huɗu shi ne ke ɗaga wa mutanen unguwarsu hannu.

Bari in daɗe kaɗan kan abin da ake koyo, don nan ne amfanin yake. Kafin a hau kwalta, a sami fili, ko na makaranta ko na ƙwallo, a koyi waiwaye. Ka juya kai ka dubi bayanka ta kafaɗar hagu, keken kuma ya ci gaba da tafiya sak. Yawancin mutane in suka waiga, hannu yakan bi kai, keke ya karkata cikin titi. Sai birki: a riƙa kama na gaba da na baya tare, a hankali. Wanda ya damƙe na gaba kaɗai da ƙarfi, ta saman keken zai wuce. Sannan yashi. Titunan Sakkwato gefensu yashi ne, musamman bayan iskar hunturu da bayan ruwan farko, kuma tsoro yakan tura sabon mahayi can gefe inda yashin ya taru, tayar gaba ta zame. Ka bar kamar kamu biyu tsakaninka da bakin titi, ka riƙe layinka, direba zai fi gane inda ka nufa. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka bin hannun da ba naka ba, wai don ka riƙa ganin motar da ke zuwa, ganganci ne, ko da kowa na yi.

Abu guda da nake roƙonku da girman Allah: manyan motocin siminti da ke fitowa daga Kalambaina, da masu ɗaukar albasa da dabbobi, kada ku taɓa shiga gefensu a kwana ko a shataletale. Direban yana can sama, akwai wuraren da madubinsa ba ya nuna masa. In ba ka ganin fuskarsa a madubi, shi ma ba ya ganinka. Ka tsaya a baya ya wuce. Shataletalen da ya fi ƙarfinka kuwa, sauka ka tura keken ka tsallaka da ƙafa. Mu ma a ayari muna yin haka a makonnin farko, kuma babu wanda ya taɓa jin kunya.

Wani ɗalibi ya tambaye ni ɗazu a bakin ƙofa ko a wasu ƙasashe ana yin irin wannan. Ana yi. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 suka fara rufe wasu tituna ranar Lahadi don masu keke da masu tafiya a ƙasa, yanzu abin ya wuce kilomita 100. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Mu ba mu kai nan ba, kuma ban ce mu jira gwamnati ta rufe mana titin Ahmadu Bello kafin mu fara ba. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, hawa da gangara kaɗan ne, wannan ni'ima ce da wasu biranen ba su samu ba.

Game da 'ya'yanmu mata, na san akwai iyaye a nan da ransu bai kwanta ba, kuma ina girmama hakan. Abin da na gani yana tafiya daidai shi ne ayarinsu daban, a cikin harabar makaranta, da malama a gaba, da yardar iyaye, a kan keken da ba shi da ƙarfen tsakiya. Hijabi a tattare shi kada ya shiga taya. Mu maza ma haka, babbar riga da bakin wando sun kayar da mutane da yawa a sarƙa.

Wanda zai fito Asabar mai zuwa, ya kai kekensa wurin mai gyara tun Alhamis, a duba birki da iska da ƙararrawa, a daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Ya zo da gorar ruwa, da hular kwano in yana da ita. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa. Famfo da kayan faci ni zan zo da su, don tsaidau ba ya barin taya lafiya a wannan garin. Masu buƙatar aron keke su tsaya bayan addu'a mu ƙirga su. Wassalamu alaikum.