Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kentucky ta Amurka a Garin Jenkins

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. A madadin dattawa, makaɗa da iyayen yara na Jenkins, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ayyukanka ba sai mun lissafa ba, kowa a nan ya shaida. Amma tun kafin ka sha ruwa za mu faɗi abin da ke ranmu: ɗaki muke roƙo, a kan tudu, inda yaranmu za su koyi goge irin na Turawa.

Kamfanin kwal ne ya kafa garin nan a 1912, kuma a wannan yanki aka haifi shahararren mai goge Kenny Baker a 1926, cikin gidan masu goge. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya shiga ramin kwal kamar sauran samarin gari. A 1957 ya shiga ƙungiyar kiɗan Bill Monroe, uban bluegrass, wato wani salon kiɗan karkarar Amurka. Sau da dama kuɗin kiɗa ya kasa ciyar da iyali, sai ya rataye goge ya koma rami. Hannun da ya wuni baƙi ƙirin da ƙurar kwal shi ne ke jan izga a kan tsirkiya huɗu, a natse, ba gaggawa, sauti na zuba kamar zuma. Babu mai gogen da ya kai shi daɗewa da Monroe, har suka rabu a 1984. A 1993 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo mafi girma ta masu fasahar gargajiya. Ya rasu a 2011 yana da shekara 85, a jihar Tennessee.

To, ranka ya daɗe, mu me ya rage mana? An kwashe kwal ɗinmu an haskaka biranen wasu, kamfanoni sun tattara sun tafi. Kiɗan ma haka: birnin Nashville na jihar Tennessee ke cin riba, gidan tarihin bluegrass kuma yana can birnin Owensboro, tafiyar sa'o'i daga nan. Sai ga ambaliyar Yulin 2022 da ta auka wa gundumarmu ta Letcher. Mun tsamo gogunan koyo daga laka, katako ya kumbura, manne ya saki, faya-fayan da iyayenmu suka adana sun haɗe da juna.

Har yau malamanmu na nan, tsofaffi ne, yatsu sun fara sanƙarewa, kuma a barandar gida suke koyarwa idan sanyi ya bari. Akwai maganar hanya da ta aikin yi ga matasa, mun sa su a takarda. Amma ɗakin nan shi ne gaba da komai. Rufi mai kyau, abin ɗumama ɗaki, wurin rataye goge inda ruwa ba zai kai ba, da sunan Kenny Baker a bakin ƙofa. Muna roƙon a fara kafin hunturu ya shigo.

Allah ya ja zamaninka, ya maida kai gida lafiya.