Ina Magani Yake Zuwa Bayan Ya Gama Aiki?

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yaya, wata ƙawata ta kira ni jiya hankali a tashe, wai tun da ta fara shan rifampicin, maganin tarin fuka, fitsarinta ya koma jaja-jaja.

Yaya: Ta kwantar da hankalinta, launin maganin ne yake fita. Duk ƙwayar da mutum ya haɗiye, dole jiki ya rabu da ita, kuma hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin aikin. Hanta ta sauya wa magani kama, ya zama abin da ruwa zai iya ɗauka, ƙoda kuma ta tace shi ya bi fitsari. Wani ta bayan gida yake fita, iskar sa barci ta ɗakin tiyata kuwa ta numfashi.

Auta: To wannan kiliyarans da kuke yawan faɗi, yawan maganin da ya fita ke nan?

Yaya: Nan ɗalibai suke tuntuɓe. Ba maganin ake aunawa ba, jinin ake aunawa: mililita nawa na ruwan jini aka wanke tas daga maganin a minti ɗaya. Ƙodar matashi mai lafiya tana tace kusan mililita 120 a minti, wajen lita 180 ke nan a rana.

Auta: Lita 180! Ai da mutum ya kwana a banɗaki.

Yaya: Kusan duka take mayarwa cikin jini, lita ɗaya zuwa biyu kawai ke zama fitsari. Yanzu dubi paracetamol: cikin awa 2 zuwa 3 rabinsa ya bar jini, bayan wasu awa 2 zuwa 3 rabin abin da ya rage, a haka har ya ƙare. Shi ya sa ake sa tazara tsakanin sha da sha.

Auta: Idan ƙodar ta raunana fa?

Yaya: Abin da ke damuna ke nan, Auta. Tsoho ɗan shekara 80 ya sha metformin, maganin ciwon suga, wanda ƙoda ke fitarwa yadda ya shiga, hanta ba ta taɓa shi ba. Na jiya bai gama fita ba, na yau ya hau kansa, yana ta taruwa. Ƙwaya ɗaya ce da ta ɗansa, amma jikin ba ɗaya ba. Don haka likita yake neman gwajin ƙoda kafin ya rubuta.

Auta: Akwai wanda ke sa fitar ta yi sauri fiye da kima?

Yaya: Shi kansa rifampicin ɗin. Yana zaburar da hanta ta riƙa cinye wasu magunguna da wuri, har da ƙwayar tazarar haihuwa, sai ƙwayar ta kasa aiki. Ƙawar taki tana shan ta?

Auta: Wallahi ina jin tana sha.

Yaya: To ki kira ta yau ɗin nan, ta koma ta faɗa wa likitanta. Amma kada ta daina rifampicin ɗin da kanta.